Ratal Ashirin da Biyar a Damtsen Ƙarfe

Raliya ta iso Gadarif a farkon damina, shekarar da yaƙi ya ɓarke a Hartum. Kwana uku suka yi a hanya ita da mahaifiyarta, a bayan lori, ta Madani, kowacce da jaka ɗaya. Gidan Gwaggo Jummare suka sauka, ƙanwar marigayi mahaifinta, a unguwar da kakanninsu suka yada zango tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa. Sun ga ƙasar noma, suka ce a huta sai baɗi, baɗin da har yau bai zo ba.

A Hartum Raliya muhandisa ce, wato injiniya. Shekara biyu ta yi a ɗakin gwaji na jami'a tana karatun digiri na biyu a kan mutum-mutumin masana'anta, irin hannuwan ƙarfen nan masu ɗaga kaya su ajiye. Kwamfutarta da littattafanta suna can inda ta baro su, in ma suna nan. A Gadarif kuwa ba wanda ya tambaye ta abin da ta karanta. Ta koyi yin kisra, siririyar wainar dawa ta Sudan, ba tare da ta ƙone yatsa ba, ta koyi tafiya a baƙar lakar garin mai cire wa mutum takalmi in an yi ruwa, ta kuma koyi yin shiru idan aka kunna rediyo.

Gwaggo Jummare ce ba ta iya shiru ba. Duk gidan suna ko gidan gaisuwa da ta shiga sai ta ce, "'Yar wana fa muhandisa ce, ƙarfe take sa wa ya yi aiki kamar mutum." Mata su yi dariya su ce mashallah. A haka maganar ta bi baki ta bi baki har ta kai kunnen Alhaji Abdulganiyyu mai masana'antar riɗi, ya aiko yana son ganin yarinyar.

Masana'antar tana bakin gari, hanyar kasuwar amfanin gona. Dogon gini ne mai rufin kwano, inda ake tankaɗe riɗi a fitar da ƙasa da tsakuwa, a ɗura a buhuna masu kilo hamsin, a jera su har kusan rufi kafin lorin Bur Sudan ya zo. A can kusurwa aka kai ta, wurin wani abu da aka lulluɓe da tsofaffin buhuna. Da aka yaye, sai da Raliya ta dafe ƙirji. Hannu ne na jera kaya, ruwan lemo, ya fi mutum biyu tsayi, mai gaɓa huɗu: kugu, kafaɗa, gwiwa da wuyan hannu. Wata huɗu rabonta da ganin irinsa.

Alhaji ya ba ta labarinsa a tsaye. Na hannu ya saye shi daga wata masana'anta da aka rufe a ƙetare. Akwatin da ke sarrafa shi ya sha ruwa a hanya ya mutu. Osama, mai kula da wutar masana'antar, ya samo wani akwatin na wani kamfani daban ya haɗa. Mutumin da zai zo ya daidaita su kuwa, yaƙi ya tare masa hanya.

Osama ya kunna. Hannun ya ɗaga kai da ƙugi, ya juya kugu, ya wuce inda aka ce ya tsaya, ya dawo yana karkarwa kamar mai masassara. Sai jar fitila ta kama, ya sandare.

"Kin gani," in ji Alhaji. "Ran da muka ba shi buhu, jifa ya yi da shi. Allah ya taimaka ba kowa a wajen."

Raliya ta zagaya shi sau biyu kafin ta yi magana. "Akwatin nan bai san hannun nan ba, Alhaji. Kamar a ɗauki kan mutum a ɗora a jikin wani ne. Zai ce wa ƙafa ta taka, amma bai san nauyinta ba, sai ya tura ƙarfi ya wuce kima ko ya gaza."

"To a gaya masa mana."

"Sai mun sani tukuna. Kowace gaɓa da nauyinta, da inda nauyin ya taru, da irin taurin da take yi in an ce ta juya, da yadda ƙarfe ke gogar ƙarfe a cikinta. Waɗanda suka ƙera shi sun san lambobin, amma ba sa bayarwa."

"Sai mu kwance shi mu ɗora a sikeli. Sikeli kam Allah ya hore mana."

Ta yi murmushi. "In mun kwance, ba mai mayar mana da shi. Akwai wata hanya. Zan sa shi ya yi ta motsi iri-iri, ina rubuta inda kowace gaɓa take da wutar da motarta ke ja a kowane ƙiftawar ido. Abu mai nauyi ya fi jan wuta. Daga wutar zan koma da baya da lissafi har in gano lambobin."

Alhaji ya shafa gemu. Ya ce bai gane duka ba, amma ya ga alamar ita ta gane. Ya kuma gaya mata gaskiya: akwai mai sayen tsohon ƙarfe da ya daɗe yana zawarcin hannun, kuma in sabon riɗi ya shigo bai tashi ba, yana bukatar kusurwar. Sati shida ke nan ya rage.

Huda 'yar Gwaggo Jummare malamar makaranta ce, amma makarantarsu ta cika da waɗanda suka gudo, ajujuwa sun zama ɗakunan kwana. Ta ciro kwamfutarta daga ƙarƙashin gado ta miƙa wa Raliya, ta ce, "Ungo, ƙura kawai take sha." Osama ya haɗa mata waya daga akwatin zuwa kwamfutar, ya kawo mata tebur da kujerar roba, ya zana da'ira da farin fenti a ƙasa, ya ce duk wanda ya tsallaka ta ya kuka da kansa.

Sati na farko ya tafi wajen tsara motsin. Ba kowane motsi ke tona asirin ƙarfe ba. Sai kowace gaɓa ta yi sauri ta yi sannu, ta hau ta sauka, duk a lokaci guda, kuma kada hannun ya daki bango ko ginshiƙi. Da ta fara gwadawa, hannun ya dinga lanƙwasa yana murɗa kugu, sai 'yan dako, waɗanda a nan ake ce wa attala, suka bar aiki suka jeru a bayan farin fenti.

"Yau kuma biki ake yi?" in ji wani. "A kira mai kiɗa mana."

Aka yi dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba, wani ƙaƙƙarfa mai suna Adam. Ya dubi hannun, ya dube ta, ya tofar da yawu gefe ya koma bakin aikinsa. Raliya ta gane, aikinsu yake ji wa tsoro. Tun daga ranar take shigowa da kai a sunkuye, ta gaishe su a gurguje ta wuce teburinta.

Shugaban attala wani dattijo ne, Baba Harisu. Shekara arba'in ya yi yana ɗaukar buhu, tun yana bin gonakin Ƙala'at an-Nahal a lokacin yankan riɗi, har bayansa ya ce ya isa. Yanzu zama yake yi a kan ɗan benci kusa da ƙofa, da basilla da zare, yana ɗinke buhunan da suka yage, yana raba wa mutanensa aiki da baki. In zai tashi sai ya dafa bango. Ba ya yawan magana, amma Raliya ta lura duk sanda ta kunna hannun sai basillar ta tsaya.

Lissafin kansa ba baƙo ba ne a wajenta. Layi dubbai take tarawa daga kowane gwaji, ta sa kwamfuta ta nemo lambobin da suka fi dacewa da su duka. Daga nan sai jarrabawa: ta ba hannun wani sabon motsi, lissafi ya faɗi wutar da ya kamata ya ja, ta zana shi da shuɗin layi, wutar da ya ja da gaske kuma da jan layi. In layukan biyu sun hau kan juna, an yi nasara.

Ba su hau ba. Na kugu da na wuyan hannu sun yi kusa, amma na kafaɗa da gwiwa kowa hanyarsa daban. Abin da ya fi ɗaure mata kai, gwajin Asabar ya ba da wasu lambobi, na Litinin ya ba da wasu, kamar an sauya hannun a tsakani. Wata rana ma lissafi ya ce damtsen nauyinsa bai kai sifili ba, wato ya fi iska sauƙi. Ta bi lissafin daga farko har sau uku, ta sa Osama ya sake duba wayoyi, ta sauya motsin. Sati biyu suka wuce a haka. Sai ta ga mai sayen ƙarfen ya zo da wani mutum suna auna hannun da ido.

A gida ta daina cin abinci sosai. Ta fara tunanin ko dama can ba ta iya ba, ɗakin gwaji mai sanyi da malami a gefe ne suka rufa mata asiri.

Ran wata Talata da hantsi, lokacin faɗur, wato karin kumallo, attala sun zagaye kwanon dafaffen wake da ake kira ful a inuwa, ita kuma tana zaune ta zuba tagumi a gaban layukan nan biyu. Sai ga Ummusalama mai shayin bakin ƙofa ta ajiye mata kofi. Raliya ta ce ba ta aika ba.

"Baba Harisu ne ya ce a kawo miki. Ya ce in kin sha ki leƙo."

Ta sha, ta je ta durƙusa ta gaishe shi. Ya nuna mata wani buhu ta zauna.

"'Yata, tambaya zan yi, kada ki ga na shiga abin da ba nawa ba. Wane lokaci kike gwada shi?"

"Duk sanda aka kawo wuta, Baba. Wata rana da safe, wata rana bayan azahar."

Ya gyaɗa kai. "Na yi zaton haka. Ai na safe da na azahar ba ɗaya ba ne. Da safe gwiwar nan tasa kuka take yi, wani ƙiii a can ƙasa, kamar tawa in na tashi sallar asuba. In rana ta daki kwanon nan, shi ma ya ɗan yi zirga-zirga, sai kukan ya ɓace, ya koma sumul. Ni dai kunne ne nawa, ban san ko yana da amfani ba."

Kunya ta kama Raliya. Ta san wannan, yana cikin littafi: man da ke cikin gaɓa yana kauri in ya yi sanyi, ya tsinke in ya ɗau zafi, gogayyar ƙarfe kuma ta sauya da shi. Amma a ɗakin gwajinsu na Hartum zafin safe da na rana ɗaya ne, na'urar sanyi ta daidaita su, don haka ba ta taɓa ganin abin da idonta ba. A nan kuwa tsakanin safiya da azahar a ƙarƙashin kwano, tafiya ce mai nisa. Ta haɗa gwajin safe da na rana a tukunya ɗaya tana mamakin me ya sa miyar ba ta haɗu ba.

"Yana da amfani, Baba. Wallahi yana da amfani."

Ta yunƙura za ta tashi, ya ɗaga basilla. "Zauna, da saura. Alhaji ya gaya miki ya faɗi?"

"Wa ya faɗi?"

"Shi ƙarfen. Alhaji yana Bur Sudan ranar, ƙila ma an gaya masa ya manta. Mu muka sauke shi daga lori. Sarƙa ta zame, ya daki ƙasa da damtse, ya tsage ta gefen hagu. Aka kira maƙeri daga kasuwa, ya buɗe murfin, ya liƙa masa faifan ƙarfe ta ciki, ya rufe, ya shafa fenti. Aiki mai kyau ya yi, ba za ki gani ba."

Raliya ta gane kuskurenta. Don ta rage yawan lambobin da take nema, ta ɗauka hagu da dama na damtsen daidai suke, kamar yadda ake ƙera su. Duk lissafinta a kan wannan zaton ta gina shi.

"Faifan babba ne?"

"Ni na ɗauko shi daga amalanke, a lokacin bayana bai gama ƙi ba." Ya buɗe tafin hannuwansa kamar yana jinjina abu, ya ɗan lumshe ido. "Ratal ashirin da biyar. In ya ƙaru, da kaɗan."

Osama ya kwance murfin a ranar. Ga faifan nan, baƙi, da ɗinkin walda kamar tabon ƙuna.

Daga nan aikin ya sauya. Kullum sai ta bar hannun ya yi motsi na rabin sa'a ya ɗau zafi kafin ta fara rubutawa, kuma Osama ya liƙa ma'aunin zafi a kowace gaɓa tana rubuta shi tare da sauran. Ta yi gwajin safe daban, na rana daban, don akwatin ya san yadda gogayya ke sauka in zafi ya hau. Ta mayar da lambobin da ta yi watsi da su cikin lissafi. Baba Harisu ya matso da bencinsa bakin farin fenti. Shi ke ce mata, "Bai huce ba tukuna, ƙara masa," ko "Yanzu ya saki jiki, bismillah." Sau da yawa kunnensa kan riga ma'aunin.

Ran Alhamis bayan la'asar ta ba hannun sabon motsi, ta danna. Shuɗin layi ya fito, jan ya biyo shi ya kwanta a kansa, hawa da sauka, har ba a rarrabe su sai a wasu 'yan wurare. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta auna inda faifan yake, ta fitar da nauyinsa daga cikin lambobin. Kilo goma sha ɗaya da rabi. Ta mayar da shi ratal, awon da ake yi da shi a garin, a gefen takarda, ya ba ta ashirin da biyar da ɗan ɗori.

Ta ɗauki kwamfutar ta kai gaban Baba Harisu. Ya dubi layukan, ya ce shi dai ya ga zare biyu. Ta gaya masa nauyin faifan. Ya yi dariya har ya dafe baya.

"To ai na gaya miki. Sati nawa kika yi?"

"Uku, Baba."

"Da kin zo kin gaishe ni da kyau tun ranar farko, da kin huta."

Ita ma ta yi dariya, amma hawaye ne suka biyo, ta goge da gefen tobe, dogon mayafin da ta yafa.

Da aka zuba wa akwatin lambobin, hannun ya daina karkarwa. Yana tafiya ya tsaya cak inda aka ce. Saura buhu. Ta gwada shi da duwatsun sikeli da attala suka ɗauro mata, ya ɗaga lafiya. Amma da aka ba shi buhun riɗi, yana ɗagawa ya juya sai buhun ya karkace a cikin yatsunsa, jar fitila ta kama.

"Dutse kika koya masa," in ji Baba Harisu. "Riɗi ba dutse ba ne, gudu yake yi a cikin buhu kamar ruwa. Adam, zo ka nuna mata."

Adam ya zo, amma bai taɓa buhun ba. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Baba, ni ba zan koya wa abin da zai cinye abincin 'ya'yana yadda ake ɗaukar buhu ba. Kai ka gama naka, mu fa? Garin nan ya cika da mutane, kowa neman aiki yake, sannan mu da hannunmu mu tayar da wannan?"

Raliya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Abin da take tsoro ke nan tun ranar farko, kuma ta san ba ƙarya ya faɗa ba.

Baba Harisu bai yi fushi ba. Ya ce, "Ka yi gaskiya, kuma na yi ta juya maganar kafin kai. Sahu na sama, daga na takwas zuwa rufi, shi ya karya ni, shi ya karya abokin aikinmu Cindo, ka san yadda yake kwance yanzu. In ƙarfe zai ɗauki wannan, ya ɗauka. Amma kada ya cinye abincin kowa." Ya dafa bango ya miƙe. "Muhandisa, ki biyo ni."

Suka sami Alhaji a ofis. Baba Harisu ya zauna ba a ce ya zauna ba, ya faɗi abin da ya kawo shi: kada a sallami ko mutum ɗaya a kakar nan, loda lori da sauke kaya su tsaya a hannun attala, kuma a koya wa biyu daga cikinsu sarrafa hannun. Alhaji ya dubi Raliya. Ta ce hannun ba ya aiki shi kaɗai, yana bukatar mai daidaita masa buhu da mai tsaya masa a kan maɓalli, kuma ita ba ta san ranar da za ta bar Gadarif ba, gara a sami waɗanda suka san shi. Ta ƙara da cewa ba don Baba Harisu ba, da yanzu ana yanka hannun da wuta.

Alhaji ya daɗe yana kaɗa carbi. Ya ce na kakar nan ya yarda. Na baɗi kuwa, in Allah ya kai mu, a sake zama.

Adam bai gamsu ba. Ya ce alkawarin kaka ɗaya ba alkawari ba ne. Duk da haka, kafin ya fita ya sunkuya ya ɗaga buhu ɗaya a gabanta, ba tare da ya dube ta ba. Ta ga yadda ya ciro shi a hankali, ya ɗan dakata kamar numfashi ɗaya har riɗin ya zauna a gindin buhu, sannan ya juya, juyin ma ya fara shi sannu kafin ya ƙara. Ya yi sau uku, ya ajiye, ya tafi. Bayan sati guda ya bi motar masu yankan riɗi zuwa gonaki, bai dawo masana'antar ba. Raliya ta so ta yi masa godiya, ba ta samu dama ba, kuma abin ya daɗe yana damunta.

Ta sa wa hannun wannan ɗan dakatawar, ta tausasa farkon juyinsa, ta sake auna buhun bayan riɗin ya zauna. Ran da lorin farko na sabon riɗi ya shigo, ƙamshinsa ya cika ginin, hannun ya jera buhu ɗari huɗu kafin azahar, sahu a kan sahu, bai yar da ko ɗaya ba. A rana ta uku ya tsaya saboda ƙurar riɗi ta toshe masa idon da yake gane buhu da shi, ɗaya daga cikin attala biyun da Raliya ta koya wa ya goge da tsumma ya tayar da shi kafin ta taso daga kujera.

Da aka sami intanet ta tura wa malaminta hoton layukan, yana Alƙahira inda shi ma ya yi gudun hijira. Ya amsa da murya, yana cewa ta rubuta aikin gaba ɗaya, zafin kwanon da faifan da komai, don irin wannan ba a samun sa a ɗakin gwaji. Ta saurari saƙon sau huɗu. Mahaifiyarta ta ce tun da suka baro gida ba ta ga fuskarta haka ba.

Ran Juma'a da hantsi Gwaggo Jummare ta sa sabon tobe, ta ce godiya ba a yin ta a bakin aiki, gida ake bin mutum. Suka ɗauki bun, wato 'ya'yan gahawa, da sukari da citta, suka hau rakasha mai ƙafa uku zuwa gidan Baba Harisu. Ɗan gida ne mai dangar kara, da rumfa a tsakiya. Matarsa Hajar ta shimfiɗa tabarma, ta soya bun ɗin nan take, ta daka, ta ɗora jabana, 'yar tukunyar gahawa, a kan gawayi.

Raliya ta shirya magana tun a hanya, amma da ta buɗe baki sai ta watse. Ta ce, "Baba, na zo garin nan ba ni da komai, har na fara mantawa ni wace ce. Kai ka ga ina nutsewa ka miƙo hannu, alhali kana da dalilin da za ka yi shiru. Ban san da me zan saka maka ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar bayanka."

"Amin, 'yata. Ke ma Allah ya yi miki albarka. Ai ilimin naki ne, ni kunne kawai na ara miki."

Ta gaya masa za ta sa sunansa a takardar da za ta rubuta, kusa da nata. Ya ce to, in haka ne a sa na maƙerin ma, tunda shi ya ɓoye ƙarfen har aka sami abin nema. Gwaggo Jummare ta yi dariya har ta kusa zubar da finjalinta.

Suna kan zagaye na biyu Hajar ta dinga kallon mijinta tana yi masa alama da ido. Ya yi kamar bai gani ba, har ta gaji ta yi maganar da kanta.

"Ya bitti, 'yata, tunda kin iya gane ciwon ƙarfe, keken ɗinkina fa? Tun bara yake tsallake zare yana wata irin ƙara. Na gaya wa malam ya faɗa miki, ya ce kunya yake ji."

"Ni na ce mata abin ya fi ƙarfin muhandisa," in ji Baba Harisu.

Raliya ta ajiye finjali, ta naɗe hannun rigarta. "Yana ina, Inna? A fito da shi haske mu ji kukan nasa."